Ɓaure da Cukun Akuya, da Abin da Ya Hana Ni Zuwa Paris

Vaulx-en-Velin, ranar Litinin

Zuwa ga autana Nasiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ka lafiya kamar yadda ta bar mu. Ina gajiya, ina baƙunta, yaya sabon aiki, yaya sanyin da ya fara leƙowa? Allah ya tsare ka a fitarka da shigarka, ya tsare ka cikin jiragen nan na ƙarƙashin ƙasa da ake cusa ku kamar gujiya a buhu, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya kau da idon mugu daga kanka. Babanku yana gaishe ka. Ga shi nan gabana ya kwance rediyon da lafiyarsa lau yana gyarawa. Tun da ya bar aiki babu abin da ya tsira a gidan nan.

Labarin gida ba shi ya sa na ɗauki alƙalami ba, maganar da ka yi mini jiya a waya ce. Ka ce ranar da aka kawo maka firigo na sanyaya abinci, asansar ɗin da ke hawa da mutane bene a gidanku ya tsaya, maƙwabta suka kama maka har hawa na biyar: Madam Rifkatu 'yar Jos mai aikin jinya, da mijinta, da tsohon nan Mushe Bernar, Malam Bernar ke nan da bakinmu, da kuke ƙofa da ƙofa, wanda ka ce shi da baki ya ɗauki nasa kason. Daɗi ya kwashe ka, bakinka ya riga hankalinka, ka ce su shigo ɗakinka ranar Asabar da yamma. Yanzu ido ya raina fata. Kana so in hau jirgi in zo da tukwanena, in ba haka ba za ka ce musu aiki ya taso.

Ba zan zo ba, Auta. Kai ma kuma ba za ka fasa ba.

Tun da ka tare a Saint-Denis can gefen Paris, in ka faɗi cikin ɗakin nan yau, babu mai ƙwanƙwasa maka ƙofa gobe. Wannan shi ke hana ni sakewa, ba abincin da kake ci ko rigar sanyi ba. Ga mutum uku Allah ya kawo maka har bakin ƙofa da firigo a kafaɗa, kana neman ka kore su da ƙaryar aiki. Zauna ka karanta, zan koya maka abin da za ka ba su, wanda ko kai da ba ka iya dafa ruwa ba za ka iya. Amma sai na fara ba ka labarin inda na samo shi, domin a hannuna girki ba ya tafiya ba tare da labarinsa ba.

Lokacin da na iso ƙasar nan daga Damagaram, babanku ya riga ni da shekaru, sai dai shi wurin aiki ya sani da masallaci da hanyar gida. Yayyenka biyu suna ƙanana, kai kuwa ko a mafarki ba ka zo ba. Ƙofar da ke kallon tamu ta Madam Rozina ce, wadda ka sani da furfurarta, ita da mijinta Mushe Aldo da ya rasu kana rarrafe. Iyayenta daga Italiya suka zo. Ita ta nuna mini inda ake zubar da shara, da bas ɗin da ke zuwa asibiti, da yadda ake magana da malaman makaranta. Na ce da babanku mutanen nan sun yi mana abin da sai dangi, ya kamata su ci gishirinmu. Ya je ya gayyace su, ya dawo ya ce sun amsa, za su shigo afero. Na tambaye shi mene ne afero, ya ce ai cin abinci ne. Ka san babanku, tun da nake da shi bai taɓa cewa bai san abu ba.

Na tafi kasuwar Guillotière a cikin Lyon na sayo rabin rago, da shinkafa, da busasshiyar kuɓewa, da daddawa, da zogale. Tun sallar asuba nake tsaye kan wuta. Tuwon shinkafa, miyar kuɓewa, dambu, soyayyen nama, fanke, har da abin da na manta. Suka iso, Madam Rozina riƙe da furanni, na karɓa ina jujjuya su don ban san inda ake ajiye irin wannan kyauta ba. Muka gaisa, muka zaunar da su a falo, na jera kwanoni har teburin ya ɓace, na kawo ruwan wanke hannu, na ce bisimilla. Sannan muka yi abin da aka koya mana tun muna yara: muka fita, na ja musu ƙofa.

A gidan da na tashi, in an kai wa baƙo abinci ba a tsaya masa a kai. Ana ba shi wuri ya ci ya ƙoshi, babu idon kowa a kan lomarsa. Wanda ya zauna yana kallon baƙo yana ci, sunansa marowaci, ƙirgar loma yake yi. Saboda haka muka shige ɗakin barci, ni da babanku da yayyenka, ina toshe musu baki kada su dami baƙi. Da muka ji shiru ya yi yawa, na ce da babanku ka ji, abinci ya karɓu, baki ya cika. Can sai muka ji ƙarar ƙofar waje a hankali. Na fito na tarar da falo babu kowa, mai ya daskare a kan miya, ko cokali ba su ɗaga ba.

Nan take na yanke hukunci, na ce sun ƙyamaci abincinmu. Babanku ya ce wataƙila azumi suke yi. Muka ci wannan girki har yayyenka suka koma kuka in sun ga kuɓewa. Daga ranar, in mun haɗu a matakala, busasshiyar gaisuwa ce ke shiga tsakanina da Madam Rozina, irin wadda ake jefa wa mutum a wuce. Ita ma haka take mayar mini. Muka daɗe a haka, har na sami cikinka, har ya tsufa.

Wata rana da rana tsaka na dawo daga kasuwa, babanku yana can ƙarshen gari wurin aiki, yara suna makaranta, jiri ya ɗebe ni a kan matakala. Abin da na sani kawai na ga albasata tana gangarawa ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Ƙarar albasar nan ce ta fito da Madam Rozina. Ita ta kira motar asibiti, ita ta riƙe hannuna a ciki, ita ta koma ta ɗauko yayyenka daga makaranta ta ciyar da su. Da ta bi irin gaisuwar da nake mata, da ta leƙo ta mayar da ƙofarta. A ranar aka yi mini aiki aka ciro ka. Likita ya ce da an ƙara jinkiri, da wani labarin ake yi. To ka ji wadda ta tarbe ka a duniya, matar da nake wa fuskar shanu.

Bayan an sallame mu, ta kira ni kicin ɗinta ta zaunar da ni. Ta ɗauko ragowar burodin jiya ta yanyanka, ta shafa mai, ta tura wuta, ta fasa ɓaure, ta buɗe wani farin cuku. Kafin shayin da ta zuba mini ya huce, faranti ya cika. Ta ja kujera ta zauna daf da ni, ta ɗauki ɗaya ta gatsa, ta turo mini sauran, sannan ta dube ni.

Ta ce, "Rabi, na daɗe ina son in tambaye ki. Me muka yi muku kuka rufe mu a ɗaki, mu da rago?"

Na ce, "Girmama ku muka yi."

Ashe su jira suke mu zo mu zauna, domin a wurinsu ba a ɗaga cokali sai matar gida ta zauna ta ɗaga nata. Ta ce cikin Mushe Aldo har kuka yake, ya miƙa hannu ga nama ta buge shi. Suna jin raɗe-raɗinmu ta bango, suka ɗauka wani laifi suka yi, wataƙila furannin nan abin zagi ne a ƙasarmu, shi ya sa suka sulale don kada su ƙara. Na faɗa mata abin da ni kuma na ɗauka. Muka yi dariya har ɗinkin cikina ya fara ja, na roƙe ta ta yi shiru.

Da ta share hawayenta ta ce, "Abinci muna da shi a gida. Ke muka zo gani, kika ba mu ƙofa."

A ranar na san afero. Ɗan zama ne kafin abincin dare, da abin taɓawa, da abin sha, da hira, sannan kowa ya koma ga tukunyarsa. Abin da ta ba ni kuwa da harshen iyayenta kurostini ake ce masa, wato gasasshen burodi da aka ɗora wa wani abu. Amfaninsa guda ne, ba ya tsare mutum a kicin. Shi za ka yi ranar Asabar. Ga yadda ake yi, da ramukan da na faɗa don kada ka bi sawuna.

Fara da ɓaure. Ba irin namu ba ne na bayan gari da muke jifa da dutse muna yara, wanda ake cewa mai cinsa ba ya tona cikinsa. Na nan dole ka tona, domin jan cikin nan shi ne adonsa. Karon farko da na je saye, na yi masa zaɓen mangwaro, na tsinci masu tauri na jera a taga wai su ƙarasa nuna. Suka zauna suna kallona ina kallonsu har suka yamutse suka ruɓe, zaƙi bai zo ba. Ɓaure in an tsinke shi daga uwarsa ya gama abin da zai yi. Ka je kasuwar Saint-Denis da kanka, kada ka bari mai sayarwa ya zaɓa maka, shi ma yana da waɗanda yake son rabuwa da su. Ka taɓa a hankali, wanda ya yi taushi kamar kumatun jariri shi ne naka. In fatarsa ta ɗan tsage, ko ka ga ɗigon zaƙi a gindinsa, wannan alheri ne. Ka sunsuna, in ka ji tsami ka ajiye. Kada ka saya tun tsakiyar mako, ba ya jira. In ka rasa ɗanye, shagunan Larabawa ba sa rabuwa da busasshe, ka jiƙa shi a ruwan zafi ya saki jiki, ka yanka siri-siri. Ba abin kunya ba ne.

Sai cuku. Cire namu na gida daga ranka, wanda ake shanyawa ya bushe kamar fatar ganga, a ci da shayi ana addu'a haƙori ya tsira. Wannan fari ne mai laushi, na nonon akuya. Ka ce musu chèvre frais, su sun sani. Ni da na je, na ga iri-iri a jere, na ce baƙo ai sai da mafi daraja, na nuna wanda aka fi ji da shi, wani tsoho mai toka-tokar fata. Ina buɗe takardar a kicin, babanku ya fito daga ɗaki yana tambaya wa ya shigo mana da bunsuru. Masu son irin wannan suna nan, amma ba da shi ake fara zumunci ba. Ka ɗauki sabo. Ka fitar da shi daga firigo tun da sauran lokaci, domin in yana da sanyi ba ya shafuwa, sai ya yi ta fasa maka burodi. Ka murje shi da cokali mai yatsu, ka ɗiga masa man zaitun kaɗan. Ɓaure da zaitun kuwa ka san darajarsu tun kana zuwa karatun Asabar, ba sai na tuna maka ba.

Burodi kuma baget za ka saya, dogon nan mai kama da sanda, kuma na jiya ya fi na yau, ya fi yankuwa. Ka yanka a karkace, kaurin ƙaramin yatsanka. In ya yi kauri, tsohon nan zai bar maka haƙorinsa a ciki. Ka shafa man zaitun gaba da baya, shafawa na ce, ba wanka ba. Ka jera a tire ka sa a fur, wato tanderun kicin, mai zafi, ka tsaya a wurin. Na sake faɗa, ka tsaya a wurin. Ni na sa nawa ke nan waya ta yi ƙara, gwaggonka Ladi ce daga Damagaram. Ina kwana, ina gajiya, ina yara, ina maigida, ina sanyi, ina zaman baƙunta, ni ma na mayar mata nata ɗaya bayan ɗaya kamar yadda ya kamata. Ba mu kai ga ina labari ba na'urar hayaƙin da ke manne a rufi ta fasa ihu, mutanen bene suka firfito. Gaisuwarmu ta fi gashin burodi tsawo, ka riƙe wannan. In burodi yana wuta, ko ni na kira kada ka ɗauka. Da ka ga bakinsa ya yi ja kamar soyayyar gujiya, ka fitar. In fur ɗin ɗakinka na ado ne, kasko ma yana yi, ka juya shi sau ɗaya. Yana da zafi ka raba tafarnuwa biyu ka goga masa, shafa ɗaya kamar shafar kai a alwala. Wanda ya wuce haka ya yi bidi'a.

Gashin burodi kana iya yin sa tun da rana, ba ya komai. Ɗora kaya ne ba a yi da wuri. Na taɓa cewa bari in gama komai bayan azahar in huta, na shafa cuku, na ɗora ɓaure, na kwarara zuma, na rufe da ƙyalle. Kafin baƙi su zo burodin ya sha ruwa ya zama tsumma, in ka ɗaga sai ya sunkuyar da kai kamar yaron da aka kama da sata. Saboda haka sai sun kusa, ko ma sun shigo. Ka shafa cuku da kauri, ka raba ɓaure huɗu ka ɗora yanka ɗaya ko biyu, jan cikin yana kallon sama. Zuma kuwa zare za ka ja, siriri, domin ɓauren da zaƙinsa ya zo. Ka barbaɗa masoro, da gishiri ɗan abin da yatsu biyu suka tsinta. Su suna sa wata gyaɗarsu mai kama da ƙwaƙwalwa, ni soyayyar gujiya nake dakawa sama-sama in watsa, kuma babu wanda ya taɓa kai ƙarata. Sai dai ka tambaya tukuna, a ƙasar nan akwai waɗanda gujiya ke kai wa asibiti, ba wasa ba. In kana da na'a-na'a, ganye ɗaya a kan kowanne. Uku ko huɗu ga kowane mutum sun isa, ka bar sauran burodi a gefe ko za a nema.

Akwai abin da na ƙara da kaina. Su sukan ɗora wani siririn naman alade a kai, don haka in a gidan wani ka gan shi, ka tambaya kafin ka kai baki. Ni kilishi nake yagewa ƙanana in ɗora a madadinsa. Yajin da zaƙin suna jituwa yadda ba ka zato. Madam Rozina yanzu in babu kilishi cewa take abin bai cika ba, ita da ta gaje shi daga uwarta. Wanda na cusa maka a jaka ranar tafiyarka, in ba ka cinye shi a jirgi ba, ga ranarsa ta zo.

Abin sha, ka jiƙa zoɓo tun daren Juma'a ka sa citta, ka sanya a firigon da suka sha wahalar ɗauka, su ga amfaninsa. Kuma tun kafin ranar ka gaya wa Mushe Bernar, da fara'a, cewa ba a shan giya a ɗakinka. Al'adarsu ce baƙo ya zo da kwalba. In ka bari sai ya iso bakin ƙofa da ita a hannu, kun kunyata ku biyu. In ya ji tun da wuri, zai zo da wani abu daban, kuma ba zai ji komai ba. Sun fi mu son a faɗa musu magana a miƙe.

Kada kuma ka ɗauka wannan faranti maganin kowane baƙo ne. Da na iya shi kaina ya kumbura, na ga na zama 'yar gari. Sai ga Alhaji Idi, abokin babanku mutumin Tawa, ya sauka a gidanmu daga doguwar tafiya. Na jera masa kurostini a farantin da na fi ji da shi, na zauna ina jiran yabo. Ya yi bisimilla, ya riƙa haɗa biyu-biyu yana jefawa, kafin ka ce kwabo ya share. Sannan ya gyara zama, ya naɗe hannun riga, yana kallon ƙofar kicin. Da ya ga babu abin da ke fitowa, sai ya matsa kusa da babanku ya tambaye shi a hankali ko aikin ne ya samu matsala. Washegari ya aiko mana da buhun shinkafa. Har yau in babanku yana son ya tsokane ni, sai ya ce a kawo masa abincin da ke jawo sadaka. To ka san baƙonka. Wanda ya sha hanya, a ɗora masa tukunya. Naka baƙin daga ƙofa zuwa ƙofa za su taka. Madam Rifkatu da tuwo ta girma, amma ta daɗe a nan, ka ce mata afero da sunansa, ta san abin da za ta tarar.

Yanzu ga abin da ya fi burodin wuya. Za ka zauna. Na san ɗakin ƙarami ne, shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Kujerarka guda ka ba tsoho, mata da miji su zauna bakin gado, kai ka juya akwati ka hau. Ka ɗauki na farko ka ci a gabansu. Jikinka zai ƙi, domin a gidana ka tashi, ƙafarka za ta riƙa jan ka zuwa wurin wanke kofi. Ka ƙi ta. In ka ga yankan ɓaure yana neman gagarar ka, ka miƙa wa Madam Rifkatu wuƙa ka ce Yaya taimaka mini, baƙon da aka ba aiki ya zama ɗan gida. Ka gaishe ta da Hausa, gaisuwa cikakkiya, ka tambayi mutanen Jos, ka tambayi mijinta ƙafa da baya bayan dakon firigo. Shi kuwa tsoho, ka tambaye shi yadda unguwar take a da, daga nan ka huta, shi zai riƙe hirar.

Kada ka matsa wa kowa da ci. Mu in baƙo ya ce ya ƙoshi, mun san farkon ciniki ne. Su in sun ce a'a, a'a ɗin ce. Ka miƙa sau ɗaya, ka sake sau ɗaya, ka bari. In kuma su suka gayyace ka, ka ajiye kunyarka a bakin ƙofa tare da takalmi. Ni a bikin 'yar Madam Rozina aka miƙo mini faranti na ce alhamdu lillahi na ƙoshi, ina jiran a roƙe ni, aka ce to, aka wuce da shi. Da yunwata na dawo gida na ɗumama tuwo. Haka nan in sun ce kai ma ka shigo wata rana, kada ka ba su in sha Allahun nan tamu da ba ta da rana. Ka ce in sha Allahu, sannan ka tambaya yaushe.

Ka ce me zai hana in zo in yi duk wannan da kaina, tunda na iya. Na san halina, Auta. In na zo, duk wannan wa'azin da na yi maka a jirgi zan bar shi, in sauka da rabin rago. Ni zan hau kujera, ni da Rifkatu mu ɓarke da hirar kasuwa da tsadar kayan miya, tsoho ya yi ta yabon miyata, kai kana tsaye ka ba mu baya kana wanke kwanoni. Lahadi in hau jirgi in dawo Lyon. Daga nan duk wanda ya gamu da kai a matakala, abin da zai ce shi ne yaya mamanka. Ni na yi maƙwabta a Paris, kai kana nan yadda kake. Ni kuwa ina da tawa a nan, ta ishe ni, jiya ma ta aiko a tambaye ni ko ka fara ƙiba.

In burodin ya ƙone, ka kankare. In ɓauren ya ƙi, babanku ya ce ka sa dabino, wai shi tun farko bai ga abin da ɓaure ya fi dabino da shi ba. Ko me ya faru, ƙofar dai ta buɗu, su shigo, su same ka zaune.

Ka taɓa ƙasan ambulan ɗin nan, za ka ji wani abu mai tauri naɗe cikin kwali. Makullin ɗakinka ne na biyu, wanda ka ba ni ajiya ranar da muka raka ka tasha. Na rataye shi kusa da na gidan nan, kullum ina kallonsa ina jin daɗi, har na zauna na yi tunani na ga daɗin nawa ne ni kaɗai. Ranar da za a bukace shi, ina nan, ƙofar tana can, jirgi kuma ba ya tashi don uwa ta ce ya tashi. Ban ce ka ba da shi ranar Asabar ba. Ka zauna da su, ka sake zama, ka ga wanda hankalinka ya kwanta da shi cikin ukun nan, sannan ka danƙa masa. Ranar da ka kira ni ka ce Inna, makulli yana hannun wane, ranar zan daina kwana da waya a ƙarƙashin matashi.

Allah ya sa albarka a hannunka da farantinka. Allah ya sa waɗanda za su shigo su shigo da alheri su fita da alheri. Allah ya tsare ka daga sharrin hanya, da sharrin ƙarfe, da ciwon da ke zuwa ba sallama, ya ba ka maƙwabtan da za su ji motsinka su kuma lura da shirunka. Ya riƙe maka sallarka, ya dawo mana da kai lafiya duk lokacin da ka tashi zuwa. Babanku ya ce amin, ya ce kuma in ka zo ka taho masa da rediyonka ya duba.

Wassalam.

Innarka,
Rabi